Rijiyar da Na Ba wa Bature

A gidanmu na Kano ba a jin tatsuniya a ɓagas. Kakarmu, mahaifiyar babanmu, sana'ar ƙuli-ƙuli take yi, saboda haka duk jikan da yake son labari daga bakinta sai ya zauna ya murje mata gyaɗa. Da an idar da sallar magariba za ta hura wuta a murhun bayan ɗakinta, ta ɗora kasko da yashi a ciki, ta zuba gyaɗa tana juyawa da wata sakaina da ta yi baƙi ƙirin don tsufa. Wadda ta soyu sai ta juye mana a faifai da zafinta, mu bakwai mu kewaye, muna murzawa muna hure ɓawon. Iya muke ce mata. Babanmu ma Iya yake cewa, matan gida Iya, har mai kawo mata itace Iya yake kiranta.

Ni ne abokin faɗanta a cikin jikoki. Ta ce ni mijinta ne amma na banza, tunda ban taɓa sayo mata ko goro ɗaya ba, ni kuma in ce ai na sake ta tuntuni, ba zan zauna da tsohuwa mai warin hayaƙi ba. Idanunta ba sa gani sosai, amma da na jefa ƙwayar gyaɗa ɗaya a baki, ko waiwayowa ba ta yi za ta ce, “Sadisu, tofo min kayana.” Har yau ban san yadda take ganewa ba. Wataƙila shirun da nake yi ne yake tona ni, don ni ba mai shiru ba ne.

Tana da yadda take buɗe labari, wanda ban ji shi a bakin kowa ba. Sai ta ƙwanƙwasa gefen kasko da sakainar sau biyu, ta ce ga wata baƙuwa a bakin ƙofa, a buɗe mata ko ta wuce gaba? Mu haɗa baki mu ce a buɗe mata. Daga nan ba ka jin komai sai ƙarar yashi a kasko da muryar Iya.

Labaranta da yawa, amma wanda muke naci a kai shi ne na rijiya mai bin mutane. Wai a wani ƙauye rijiya ɗaya tal gare su, ruwanta jaja-jaja, da ɗan zartsi, kuma yana rina haƙora. Duk kasuwar da mutanen ƙauyen suka ci, da ɗayansu ya yi dariya an gane daga inda ya fito, sai a yi ta yi masa shaƙiyanci. Wata shekara fara ta sauka ta share musu gonaki, suka ga ba zama, suka ɗaure kaya za su birni. Ranar tashi kowa ya je ya yi ban kwana da abin da yake so, wannan kabarin uwarsa, wancan kukar ƙofar gidansa. Rijiyar kuwa ko leƙa ta babu wanda ya yi.

Suka yi tafiyar yini guda suka ya da zango. Da gari ya waye wata mata ta zaga bayan zango, sai ga rijiya zaune, da gugarta, da bakinta wanda igiya ta sassaƙe, ita ce dai tasu. Suka sha, suka shayar da jakuna, sannan suka ce da juna kada wanda ya ta da maganar. Zango na biyu ma haka. Suka rufe ta da tabarmi, suka cika ta da duwatsu, suka gwada tashi a saɗaɗe, duk a banza. A nan ne Iya take sa sakainar ta yi tafiya a gefen kasko, ƙwas, ƙwas, ƙwas, tana rera waƙar rijiyar da muryarta mai rawa:

“Ku dakata mini, ku masu ƙafa,
ni ba ni da ita, ga ni tafe.
Wa na hana wa ruwa a cikinku?”

Mu kuma sai mu naɗe ƙafafu, kowa yana satar kallon bayansa, ko za mu ga rijiya a bakin turken awaki.

Da suka isa ƙofar birni, in ji Iya, sai sarkin ƙofa ya fito ya ga ayari, ya ga rijiya a bayansu. Ya tambaya ta wa ce. Kowa ya tsuke baki don kada a ga haƙoransa. Babbansu ya sunkuyar da kai ya ce ba tasu ba ce, a nan suka tarar da ita, ai duk abin da ke ƙofar birni na sarki ne. Sarkin ƙofa ya ce madalla. Ya sa aka kewaye ta da katanga, aka tsai da dogari a bakinta, kuma daga ranar rijiyar ba ta ƙara motsawa ba. Bayan shekaru, wata rana ƙishi ya kama jikar babban nasu tana dawowa daga talla, ta tsallaka katangar ta ja guga ɗaya. Dogari ya kama ta ya zane ta, ya ce ta saci ruwan sarki. Ta zo gida tana kuka ta ce da kakanta, ashe ba kai ka ce muna da rijiya mai irin wannan ruwan ba? Tsohon ya kalli ƙasa.

A nan Iya take tsayawa. Mu yi ta ƙorafi, sai me ya faru, ya amsa mata, an rama mata dukan? Ta ce baƙuwa ta tafi, a rufe ƙofa, a miƙo mata faifanta. Wata rana ta tambaye mu abin da muka koya. Na riga kowa ɗaga murya na ce kada mutum ya sha ruwan sarki sai ya duba babu dogari. Ta yi dariya har ta ƙware da hayaƙi, ta ƙwale ni da sakainar a ka, ta ce Allah ya shirya mata wannan miji. Ba ta gaya mana amsar ba. Ina shekara goma sha biyu ta rasu.

Yanzu ni ma na haura arba'in. A Dubai nake, a wani fulat a unguwar Muraqqabat, ni da matata Bilkisu da 'yarmu Safiyya. Aikina kago ne: 'yan kasuwarmu na Kano su sayi kaya, ni in ga an loda musu a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali an rufe lafiya. Wannan kowa ya sani. Abin da Alhazan kasuwar Kwari da nake wa lodi ba su sani ba shi ne, duk Asabar da yamma in na ce musu na tafi sito, sito ɗin nake zuwa da gaske, amma ba kaya nake dubawa ba. Jita nake kaɗawa, irin mai kaurin murya da ake kira bes, a cikin wata ƙungiyar kiɗan rok. Tun a Kano na koye ta a ɓoye wajen wani abokina a Sabon Gari, kuma ban taɓa iya rabuwa da ita ba.

Mu huɗu ne. Shugabanmu Karim, ɗan Lebanon, shi ke waƙa. Joel, ɗan Filifin, shi ke ganguna, kuma shi ne ya samo mana lungu a siton da yake aiki. Na huɗun wani ɗan Indiya ne mai jita ta biyu, wanda bai cika magana ba. Karim mutum ne na littafi, ya yi karatu har ya gaji. Kullum da wani littafin hikaya a jakarsa, duk ya ja masa layi da fensir. Ra'ayinsa, wanda ya maimaita mana har muka haddace, shi ne albam ɗin rok na ƙwarai ba tarin waƙoƙi ba ne. Ya ce manyan masu wannan kiɗa sai sun zauna da littafi guda, sun sha shi, sannan su gina albam a kansa tun daga waƙar farko har ta ƙarshe, kowace waƙa ta ɗauki wani sashe na labarin, ta yadda in ka saurara a jere kamar ka karanta littafin ne da kunne. Zai sa mana irin waɗannan a mota, ya tsai da waƙa a tsakiya, ya buɗe littafi ya karanto mana shafin da ta fito. Wallahi abin yana burge ni. Yana kuma sa ni jin ni ƙarami ne, don ni bayan Alƙur'ani da takardun lodi babu wani littafi a ɗakina.

Da muka yanke shawarar yin albam namu, Karim ya ce kowa ya zo da littafin da ya taɓa hana shi sukuni, a zaɓi ɗaya. Ranar muna zaune a siton, mun mai da wani kwalin tayil tebur, kowa da kofin karak, shayinsu mai madara. Karim ya kawo uku. Joel ya kawo ɗaya na yaƙi, wanda ya yi kauri kamar bulo. Ɗan Indiyan ya kawo na waƙoƙi. Aka tattauna, babu littafin da ya zauna wa kowa. Sai Karim ya juyo ya ce da Larabcinsa, yalla, habibi, wato to abokina, kai fa? Ni da na zo hannu rabbana, don kada in yi shiru kawai na fara ba su labarin rijiya, da Turancina na bakin kwantena. Na ba su ƙauyen, da jan haƙora, da fara, da rijiyar da ake tarar da ita kowace safiya a bayan zango. Na tsaya daidai inda aka hango birni. Ban ba su sarkin ƙofa da yarinyar ba, don ni tun ina yaro wannan ƙarshen haushi yake ba ni.

Da na gama, sai Joel ya ajiye sandunansa yana share ido da gefen riga, ya ce shi ma akwai rijiya a bayan gidan uwarsa, shekararsa shida bai gan ta ba. Karim ya miƙe yana zagaye kwalaye, ya ce khalas, wato shi ke nan, an samu, wannan labarin duk wanda ke garin nan ne. Sannan ya tsaya ya ciro fensirinsa ya ce, “Wa ya rubuta?”

Amsar tana bakina. Kalma biyu ce, kakata ce. Amma a cikin daƙiƙar nan na hango yadda fuskokinsu za su yi. Na san murmushin, an sha yi mini shi a garin nan, murmushin da ake wa baƙin mutum in ya ambaci ƙauyensu. Na ga za a ce ai sai a sa kalangu a ciki, a ɗora hoton bukka a bangon albam, labarin ya tashi daga sahun littattafan Karim ya koma abin sha'awa na mutanen daji. Na ga Iya da zaninta mai warin man gyaɗa, wadda ko baƙi ɗaya ba ta iya rubutawa ba, an ajiye ta kusa da waɗancan masu gemu da ke bayan littattafai. Kunyarta na ji. Ba zan yi wa abin kwaskwarima ba, kunyar kakata na ji.

Idona ya sauka a kan kwalin da muke shan shayi. Na ɗauki rabin sunan da ke jikinsa, na haɗa da rabin wanda ke jikin fankar da ke kaɗa mana iska, sai ga sunan Bature ya fito tsaf. Ba zan rubuta shi a nan ba, yawon da ya yi ya isa. Na ce wani tsohon marubuci ne na can Turai, na karanta shi a laburaren makarantarmu, littafin ma ya yage babu bango. Karim ya duba a waya bai ga kowa mai sunan ba. Maimakon ya yi shakka sai ya ƙara murna, wai mun tono marubucin da duniya ta manta.

Wata bakwai muka yi muna aikin. Waƙa tara. Ta farko saukar fara ce, Joel ya yi ta da ganguna kaɗai. Akwai ta ban kwana, akwai ta matar da ta zaga bayan zango, akwai wadda ake jefa duwatsu a rijiya, jita biyu suna gurnani. Tafiyar rijiyar kuwa ni na yi ta da bes ɗina, ƙwas, ƙwas, ƙwas ɗin sakainar Iya ne na saukar a kan tsirkiya, ban canja ko taki ɗaya ba. Waƙarta ma na juya musu da Turanci, ita ce amshin da ke dawowa a duk albam ɗin. Ta tara kuwa an isa birni ne da rijiya a baya, kowa yana murna. Da aka zo buga bango, Karim ya rubuta a ƙasan sunan albam cewa an gina shi ne a kan labarin wane, ya sa sunan Baturen kwalin tayil. Ya nuna mini a kwamfutarsa kafin ya tura. Na karanta, na ce ya yi kyau.

Ba mu yi wani suna na a zo a gani ba, amma an saurare mu. Mun yi wasa a ƙananan wurare, na ga direbobi da masu aikin otal daga ƙasashen da ban san sunansu ba suna bin amshin da hawaye. Wani ƙaramin shiri na intanet ya yi hira da mu, aka tambaye ni game da marubucin. Maimakon in kama bakina sai na ƙara masa gishiri. Na ce ya mutu a matsiyaci, na ce littafi ɗaya ya taɓa rubutawa. Har tausayinsa na ji ina faɗa. Suka rubuta taƙaitaccen labarin a shafinsu, da sunansa a sama, da hotonmu mu huɗu a ƙasa.

A gida kuwa gaskiya nake faɗa, abin da ya sa na ɗauka laifin ba mai girma ba ne. Tun Safiyya tana ƙarama nake ba ta labaran Iya bayan magariba, don kada Hausarta ta gudu. Babu murhu a hawa na shida, sai in sayo gyaɗa a shagon ƙasa in sa ta ɓare mana, in ƙwanƙwasa cokali a jikin faranti. Ta san Iya kamar ta taɓa ganinta. Ta san warin hayaƙin, ta san ni mijin banza ne. Labarin rijiya kuwa ta fi ni iya shi, sai dai ita ma a hango birni nake tsai da mata.

Shekara biyu bayan fitar albam, tana aji huɗu, aka ce a makarantarsu kowane yaro ya rubuto labari daga ƙasarsu, wanda ya ji a gida, ya karanta a gaban aji. Ban ma san da aikin ba, ita da uwarta suka yi. Ranar na dawo daga Jebel Ali da la'asar sakaliya, a gajiye, na tarar da gidan shiru. Bilkisu ba ta ce mini sannu ba. Ta miƙo mini takardu biyu a manne ta koma kicin.

Takardar sama rubutun Safiyya ne, shafi ɗaya da rabi, da hoton rijiya mai ƙafafu da ta zana a gefe. A kanta ta rubuta cewa wannan labarin kakar babanta ne. A ƙasa malamarsu ta yi rubutu da jan biro. Ta ce labarin ya yi kyau ƙwarai, shi ya sa ta bincika, ta kuma tarar na wani marubucin Turai ne, ga shaida a manne. Ta ce ɗaukar aikin wani a ce na gida ne ba daidai ba ne. In kuwa Safiyya ta dage cewa na kakar ne, to ta rubuto cikakken sunanta gobe, ta zo da mahaifi. Takarda ta biyu shafin hirar nan ne, malamar ta buga shi. Ga sunan Baturena a sama, ga ni a ƙasa, na biyu daga hagu, na rungume jita ina wani cin magani.

Ban ga laifin malamar ba, aikinta ta yi. Na tarar da Safiyya a ɗaki zaune a bakin gado, ko kayan makaranta ba ta cire ba. Ta riga ta gama kukan. Bilkisu ce ta gaya mini daga baya cewa yara sun yi ta yi mata dariya a motar makaranta, suna cewa kakarsu mai kwafe ce. Na zauna kusa da ita, sai ita ta fara magana.

“Abba, Iya ce ta sata a littafin Baturen?”

Na ce a'a. Na ce Iya ba ta taɓa buɗe littafin boko ba, kuma babu wani Bature, ni na ƙirƙiro shi. Ta tambaye ni don me. Ba ta jira amsa ba. Sai ta ce ta ga hotona tun a aji, lokacin da malamar ta ajiye takardar a gabanta, amma ba ta gaya wa kowa babanta ne ba, don kada a ce ni ma na yi ƙarya. Yarinya 'yar shekara tara ta zauna ana yi mata dariya, ta rufa mini asiri. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige.

Na daɗe ina ɗauka labarin Iya na kewar gida ne, haka muka sayar da shi a waƙa tara, haka mutane suka yi kuka a kansa. Sai a bakin gadon nan na gane rabin da na yanke shi ne labarin. Mutanen ƙauyen ba su rasa rijiyarsu don sun yi ƙaura ba, ai ta biyo su. A bakin ƙofa suka rasa ta, da bakinsu, don wani mai rawani ya yi tambaya sun ji nauyin haƙoransu. Kuma ba wanda ya yi ƙaryar ne ya sha bulala ba. Iya ta san haka, shi ya sa take barin tsohon yana kallon ƙasa ta tashi ta kwashe faifanta. Babu abin da zai faɗa.

Abubuwan da suka kamata duk na yi su daga baya. Na je makarantar na tsaya gaban malamar na faɗi komai. Na gaya wa Karim, ya yi mako biyu ba ya ɗaga wayata, sannan ya kira ya zage ni da Larabci tas, ya ce da ya san labarin baka ne da ya fi alfahari da shi, kuma ina sauran labarin? An gyara abin da za a iya gyarawa a intanet. Wanda aka riga aka kwafa ya yaɗu kuwa, yana nan, Baturena yana cin gashin kansa. Amma duk wannan mai sauƙi ne in aka gwada da abin da ya faru a yammacin nan, kafin in tashi daga bakin gadon.

Safiyya ta jawo littafinta na rubutu ta cire murfin biro. Ta ce to in gaya mata cikakken sunan Iya ta rubuta, tunda malama ta ce a kawo.

Na ce Iya. Ta ce ai wannan ba suna ba ne, sunanta na yanka take nufi. Na shiga lalube. Na tuna muryarta, na tuna tabon ƙuna a bayan hannunta na dama, na tuna har yadda take tauna goro da gefe ɗaya. Suna babu. A gidanmu babu mai kama sunanta. 'Ya'yanta ba sa faɗa, surukanta ko da wasa, mu jikoki kuwa ba mu taɓa tambaya ba. Ni da na haɗa wa Baturen ƙarya suna da sunan mahaifi a cikin daƙiƙa ɗaya, ban san sunan matar da ta ba ni labarin ba.

Babanmu ya rasu da daɗewa. Na ɗauki waya na kira Umma, mahaifiyata, wadda jikoki suke ce wa Hajiya, a Kano. Mu nan ana shirin kiran magariba, su can ko la'asar ba a yi ba, ina jin ƙarar turmi a bayanta. Muka gaisa, ta tambayi mutan gida, sannan na ce don Allah sunan Iya na yanka nake so. Ta yi 'yar dariya ta ce yau kuma wace irin tambaya ce wannan. Ta ce ita tun ranar da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kama sunan nan ba, da ran Iya da bayan ranta, ko mai irin sunan ta haɗu da ita sai dai ta sa mata wani. Ta ce in bari Baffa, ƙanen babanmu, ya dawo daga ƙauye wani satin in tambaye shi.

Na ce gobe ake so. Ta ce wa yake so? Dole na gaya mata. Na gaya mata kiɗan da ba ta san ina yi ba, da albam, da kwalin tayil, da jan biron malama. Ban rage komai ba, Safiyya tana zaune tana ji. Da na gama, turmin ya daina ƙara. 

“Ba ni yarinyar,” in ji Umma.

Na miƙa wa Safiyya. Ta kanga wayar a kunne, ta gaishe ta. Ban ji abin da Umma take cewa ba, sai dai na ji muryar ta yi ƙasa sosai, ta tsaya, ta sake farawa. Safiyya ta ce na'am, ta dafe littafin a gwiwa ta yi rubutu a hankali, baƙi ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, “Hajiya, kuka kike yi?” Ta saurara kaɗan, ta ce to, ta kashe wayar ta miƙo mini. Ta ce Hajiya ta ce ba sai na sake kira yau ba.

Shekara arba'in da ɗoriya Umma tana riƙe da sunan nan a bakinta don girmamawa, ni na sa ta furta shi a waya. Safiyya ta juyo da littafin ta nuna mini, ta tambaye ni ko ta rubuta daidai. Na duba. Rakiya. Na ce mata ban sani ba, yau na fara ganinsa.